Baƙar kwat a tsakiyar teku: tarihin kayan dina na maza a jiragen ruwan alfarma

1/
Duk wanda ya kalli fim ɗin Titanic zai tuna wurin da aka gayyaci Jack cin abincin dare a ɓangaren masu kuɗi. Kafin ya je sai da Molly Brown ta ja shi ɗakinta ta ara masa kayan ɗanta: baƙar kwat mai jela, farar riga, farin falmaran. Shi Jack ƙirƙirarsa aka yi, amma maganar kayan gaskiya ce. A kansu zaren yau yake. Ku gyara zama 🧵

2/
Abin da ke ɗaure min kai shi ne, mutum ya biya maƙudan kuɗi ya hau jirgin ruwa don ya huta, amma da ƙarfe shida na yamma ta buga sai a ce masa oga, in babban teburi kake so, je ka shaƙe wuyanka tukuna. Har yau ana yin haka a jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard. Daga ina abin ya samo asali, kuma wa yake yi wa aiki?

3/
Kamfanonin suna so ka ɗauka tsohuwar al'adar teku ce tun kaka da kakanni. Ina! A 1840 Samuel Cunard ya fara jigila tsakanin Liverpool da Boston da wani jirgin katako mai suna Britannia. Wasiƙu ne ainihin kayansa, don gwamnatin Birtaniya ce ta ba shi kwangilar kai su. Fasinja ƙari ne kawai. Har saniya ake tafiya da ita a ciki saboda madara.

4/
Marubuci Charles Dickens ya hau shi a Janairun 1842, ya dawo ya yi masa tatas a littafinsa. Ɗakin cin abincin siriri ne dogo, har ya kamanta shi da keken dokin ɗaukar gawa. An maƙale kofuna a wani katako saman teburi don kar su zube. Abinci dafaffen dankali da naman tunkiya, fasinjoji kuma yawancinsu na kwance jiri na ɗibarsu. Wa ke ta kwalliya a nan?

5/
Canjin daga ginin jirgin ya fara. A da can baya ake ajiye manyan fasinjoji, inda farfela ke jijjiga komai. A 1871 kamfanin White Star ya fito da Oceanic, ya dawo da ɗakin cin abinci tsakiyar jirgi inda tangal-tangal ya fi sauƙi, ya faɗaɗa shi daga wannan gefen zuwa wancan. Bayan kamar shekara goma wutar lantarki ta shigo jiragen.

6/
Da ɗaki ya fara kama da na otel, sai ɗabi'ar otel ta biyo baya. Miya ta daina zubewa a cinya, ana ganin fuskar kowa tar. Ga attajirai ɗari biyu, ɗari uku, an kulle su wuri ɗaya har mako guda, babu wurin zuwa, babu aikin yi sai kallon juna. Ai dole gasa ta tashi.

7/
Su kansu kayan kuwa a tudu aka haife su. A farkon ƙarni na 19 akwai wani ɗan gayu a Landan, Beau Brummell, abokin yarima mai jiran gado. Kafin shi manyan Turai ado suke da launi-launi, aiki a gaban riga, hoda a gashi. Shi ya yayata cewa namijin ƙwarai kwat mai duhu yake sawa wadda ta zauna masa cif, da farar riga tas. Ƙarshensa dai bashi ya kore shi Faransa, ya mutu a talauce a 1840.

8/
Ku lura da dabarar. Baƙi da fari kamar sauƙi ne, kamar an daidaita kowa. Amma a garin da hayaƙin kwal ke baƙanta komai, farar riga mai sitaci da ake canzawa kullum tana faɗa wa kowa cewa kana da mai wanki da guga, kuma hannunka ba ya taɓa aikin ƙarfi. Talaka na iya aron kwat. Fararen riguna shida ne ba zai iya ba.

9/
Cikakkiyar shigar dare a ƙarshen ƙarnin ga ta: kwat mai jela biyu a baya, wando baƙi mai layi a gefe, riga mai ƙirji sandararre kamar allo, kwala da ake maƙalawa daban da ɗan maɓalli, farin falmaran, sai farin botai, wato ɗan naktai ɗin nan mai siffar malam-buɗe-littafi. Da hannu ake ɗaure shi. Shi ya sa manya ke tafiya da yaronsu mai shirya su.

10/
To taksido fa, wannan da angwaye ke sawa yanzu a ji sun kai ƙarshe? Kayan shan iska ne a asali wallahi 😂 A 1865 Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na 7, ya sa telolin Henry Poole da ke layin Savile Row su ɗinka masa gajerar kwat marar jela, don cin abinci a gidansa na ƙauye inda ba baƙi na nesa.

11/
Sunan kuma daga Amurka ya zo. Tuxedo Park wata unguwar attajirai ce a jihar New York, inda 'yan kulob ɗin wurin suka fara yawo da irin wannan kwat ɗin wajen 1886. Shekaru da dama ana ganin ta a matsayin kayan zama cikin maza zalla. In da mata a teburi, jela ake so.

12/
Yanzu mu shiga Titanic na gaske, Afrilun 1912. In lokacin abinci ya yi, akwai mai begila da ke zagaya jirgin yana busa wata tsohuwar waƙa, The Roast Beef of Old England, waƙar yabon gasasshen naman shanun Ingila. Maza su shiga ɗaki su canza, a sauko ta babbar matattakalar nan da kuka gani a fim, a taru a falo, sannan a shiga ɗakin da ke ɗaukar mutum sama da 500.

13/
Wani abin sha'awa: daren farko da daren ƙarshe na tafiya ba a yin wannan shigar. Dalilin mai sauƙi ne. Daren farko ba a gama kwance adaka ba, daren ƙarshe an riga an ɗaure ta. Wanda ya fito da cikakkun kaya a daren farko ya tona wa kansa asiri cewa bai saba hawa ba.

14/
Su adakokin ma labari ne. Akwai irin wadda ake tsayar da ita a buɗe kamar wadrob, da wurin rataye kwat da 'yan durowoyi. Louis Vuitton da irinsu ya yi suna tun kafin jakar hannu. Ana liƙa wa kowace takarda: wannan ana buƙatarta a tafiya, a kai ɗaki, wannan ba a buƙata, a kai can ƙasan jirgi. Barorin da ke kula da kayan kuma an ware musu nasu ɗakin cin abincin daban.

15/
Ba a kan tikiti dokar take ba. Ido ne ke aiwatar da ita. Ka shigo da kayan rana, ba mai kama ka, amma kallo ɗaya daga teburin kusa ya ishe ka, gobe kuma ba wanda zai kira ka karta a ɗakin shan sigari. Mutanen nan cinikin kamfanoni da auren 'ya'yansu suke ƙullawa a tafiyar. Fita daga sahu asara ce ta gaske.

16/
A ƙasa kuwa, aji na uku, babu wannan zancen kwata-kwata. Su babban abincinsu da rana suke ci. Da yamma shayi ne da burodi da ɗan nama mai sanyi, can dare a ba su kunu da biskit da cuku. A daren 14 ga Afrilu na sama sun ci abinci kusan kala goma a jere. Na ƙasa mutum sama da 700 ne, bahon wanka biyu kacal aka yi musu.

17/
Kuma akwai ƙofofin ƙarfe tsakani. Dokar shige da fice ta Amurka ce ta buƙaci a ware 'yan aji na uku, wai saboda cututtuka. Don haka gayyatar da aka yi wa Jack a fim da wuya ta faru a zahiri.

18/
Ga labarin da ya fi tsaya min a rai, kuma ba kasafai ake ba da shi ba. A Titanic akwai wani gidan abinci na musamman, na 'yan ƙarshen ƙarshe, inda ake biya daban. Wani ɗan Italiya, Luigi Gatti, ke tafiyar da shi, ma'aikatansa kusan 70, yawanci 'yan Italiya da Faransa. Uku ne kawai suka tsira: mata biyu masu karɓar kuɗi, da wani Bafaranshe, Paul Maugé, magatakardan babban kuku.

19/
Maugé ya ba da shaida a gaban kwamitin bincike a Landan. Ya ce ma'aikatan jirgin sun tare abokan aikinsa a hanya, sun hana su hawa inda kwale-kwalen ceto suke. Shi da babban kukun aka bari suka wuce. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce saboda shigarsu irin ta fasinja ce.

20/
Ku sake karanta wannan. Mutane ne masu aiki wuri ɗaya, albashi daga hannu ɗaya. A cikin duhu da ruɗani, mai tsaron hanya ba shi da lokacin tambayar suna, riga ya duba. Shi kukun ya kai har bakin kwale-kwale amma ya kasa tsallakawa saboda jiki, ya mutu. Maugé ya yi tsalle.

21/
Labarin da jaridu suka fi so shi ne na attajiri Benjamin Guggenheim. Wani ma'aikacin ɗaki da ya tsira, Henry Etches, ya ce ya gan shi da yaronsa sun cire rigar ceto sun sa kayan dina, suna cewa sun shirya nutsewa a matsayin mutanen kirki. Ba a ga gawarsa ba. Jarumta ce, ban musa ba.

22/
Amma injiniyoyin jirgin ko ɗaya bai tsira ba, kuma su da kayan aiki masu maiƙo suka tafi. A alƙaluman binciken Birtaniya, maza 57 cikin 175 na ajin farko sun rayu, na aji na uku 75 cikin 462, na aji na biyu 14 kacal cikin 168. Duk da haka hoton da ya zauna a kan duniya shi ne na mai baƙar kwat yana jiran ajali. Tallan da kayan nan suka samu ke nan kyauta.

23/
Bayan yaƙin duniya na farko jela ta fara ja da baya. A 1922 wata Ba'amurkiya, Emily Post, ta fitar da littafin ladubban zama da jama'a wanda ya zama kamar alƙali a gidajen masu hali. Hukuncinta a kan jirgin ruwa: taksido ya wadatar ko a gidan abinci mafi tsada, kwat mai jela kuwa mutumin kirki ba ya sa ta a jirgi ko ta halin ƙaƙa. Shekara goma kacal bayan Titanic fa.

24/
Kun ga tarkon ko? Ka gaza, a ce talaka. Ka zarce, a ce sabon kuɗi. Dokar tana motsi ne daidai lokacin da sababbin shiga suka gama haddace ta. Masu tsohon kuɗi ba sa karanta littafin Emily Post, a gida suka taso suka gani. Masu saye su ne waɗanda ke tsoron a gane su.

25/
Har masu hidima an yi musu alama. Weta ma kwat mai jela yake sawa a manyan wurare, to ta yaya za a bambanta shi da baƙo? Sai aka ce shi baƙin botai zai ɗaura a kan jelar, baƙo kuma fari. Ɗan ƙyallen da bai kai tafin hannu ba shi ke nuna wa za a miƙa wa kofi, wa zai miƙa.

26/
Zafi ne kaɗai ya taɓa tanƙwara dokar da ƙarfin tsiya. Jiragen P&O su ke kai jami'an mulkin mallaka Indiya, kuma tun da aka buɗe mashigin Suez a 1869 ta Bahar Maliya ake bi. Duk wanda ya taɓa zuwa Jidda da zafi ya san zancen. Babu na'urar sanyaya ɗaki, ga kwat ɗin ulu, ga kwala mai sitaci tana narkewa a wuya.

27/
Sai sojojin ruwan Birtaniya suka fito da abin da ake kira shigar Bahar Maliya: a ajiye kwat, a bar wando da farar riga, a ɗaura ɗamara mai faɗi a ƙugu. Ɗamarar nan aro ce daga Indiya, sunanta kamarband, kalmar Farisa mai nufin abin ɗaure ƙugu. Turawa sun gan ta a jikin mutanen da suke mulka, suka ga ta fi falmaran sanyi. Yau ita ce ake sayarwa tare da taksido a matsayin tsantsar gayun Bature.

28/
Yawon shaƙatawa a teku, wanda ba don zuwa wani gari ba, ya daɗe. Albert Ballin na kamfanin HAPAG a Jamus ya ga jiragensa na zaman banza da hunturu, sai ya tura Augusta Victoria yawon Bahar Rum a 1891. A 1900 ya gina jirgi na farko da aka yi musamman don haka, ajin farko zalla. Amma abin bai zama ruwan dare ba sai da kasuwar jigila ta girgiza.

29/
Dokokin Amurka na 1921 da 1924 suka toshe kwararar baƙin haure, waɗanda su ne ainihin ribar kamfanonin. Sannan tattalin arziki ya rushe a 1929. Sai aka riƙa tura manyan jirage yawo tsibiran Karibiyan, inda Amurkawa ke samun giyar da aka haramta musu a gida. Tsohon Mauretania har farin fenti aka yi masa. A wannan zamanin farar kwat ɗin dina ta yi tashe, da baƙin wando da baƙin botai.

30/
An ɗan yi yayin wata gajerar farar kwat ma, mai tsayawa iya ƙugu, aro daga kayan hafsoshin soja. Ba ta yi ƙarko ba saboda dalili biyu. Na ɗaya, tana fallasa tumbi. Na biyu, wetoci da makaɗa sun fara sawa. Da attajiri ya ga ana miƙo masa kofin da aka gama sha, sai ya koma wa tela.

31/
Ƙololuwar abin shi ne Normandie na Faransa, 1935. Ɗakin cin abincinsa ya kai mita 93, ya fi shahararren zauren madubai na fadar Versailles tsawo, yana ɗaukar mutum 700, ga fitilun gilashin Lalique, babu taga ko ɗaya. Ta matattakala ake saukowa cikinsa, kowa na zaune yana kallonka. Faransawa sun gane me ake saye. Matan su zo da launi da lu'ulu'u, mazan su zama baƙin bangon da zai fito da su.

32/
Hanyar nan ta biyo ta gabarmu ma. Jiragen Elder Dempster su ke haɗa Liverpool da Legas, tafiyar kusan mako biyu, ana tsayawa a Freetown da gabar Ghana. Da su razdan da di'o ke tafiya hutu su dawo, da su ɗalibai ke tafiya karatu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta ruwa ya je Ingila a 1921, da rawaninsa da rigarsa. Na ƙarshe a layin shi ne Aureol, daga 1951 zuwa 1974.

33/
Masu goge takalman da jera cokulan a waɗannan jiragen da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne. A 1959 ma'aikatan Najeriya na jirgin Apapa suka sauka a Liverpool suka ƙi komawa aiki, suna ƙorafin wariyar launin fata daga shugabanninsu Turawa, har sai da gwamnatin Najeriya ta kafa kwamitin bincike. In ka ga tsohon hoton liyafa a jirgi, ka duba waɗanda ke tsaye a bayan kujeru.

34/
Jirgin sama ne ya kashe duniyar nan. A Oktoban 1958 jiragen jet suka fara tsallaka Atlantika da fasinja, Comet na Birtaniya da Boeing 707 na Pan Am. Tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i. Queen Mary ya yi ritaya a 1967, Queen Elizabeth a 1968, France a 1974. Akwai lokutan hunturu da ma'aikata suka fi fasinja yawa.

35/
Waɗanda suka rayu su ne suka koma yawon shaƙatawa kacokan. Shi kuma yawo ba ya son aji-aji, ba za ka sayar wa mutum hutu sannan ka kulle masa rabin jirgi ba. Sai aka cire ƙofofin. QE2 da ya fito a 1969 aji biyu yake yi in zai tsallaka teku, aji ɗaya in yawo ne.

36/
Nan ne abin ya juye. Da, kayan dina suna raba na sama da na ƙasa ne. Yanzu da kowa ya zama fasinja iri ɗaya, sai suka koma haja. Malamin makaranta da matarsa sun tara kuɗi shekara biyu, an ce musu ranar Talata da Alhamis ku ma ku ne 'yan ajin farko, ku sa kaya ku zo ku gaisa da kyaftin. Abin da kakansu ya hango ta bayan ƙarfe, an sayar musu na dare biyu.

37/
Carnival ya fara a 1972 da tsohon jirgi guda, Mardi Gras, wanda ya maƙale a yashi a bakin Miami ranar tafiyarsa ta farko 😅 Sai shirin talabijin The Love Boat ya zo a 1977, aka yi shekara tara ana nuna wa Amurkawa kyaftin cikin fararen kaya da baƙi cikin taksido. Mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka san abin da ake nufi da zama a teburin kyaftin.

38/
Kuma daren yana kawo kuɗi. Masu hoto sun kafa fitilu a gindin matattakala, gidan gyaran gashi ya cika, ana ba da hayar taksido ga wanda bai zo da nasa ba, wanda ya yi kwalliya kuma ya fi sakin hannu a mashaya da gidan caca. Lamba 13 ta tuna muku daren farko da na ƙarshe. Yanzu an juya lissafin, darare biyu ake sawa, sauran a huta.

39/
Abin dariya: fim ɗin Titanic ya fito a ƙarshen 1997. A 1998 Carnival, sarkin jirage masu araha, ya sayi Cunard. Ba a jima ba aka ba da kwangilar Queen Mary 2, ya fara aiki a 2004. Fim a kan jirgin da ya nutse ya taimaka wajen farfaɗo da kasuwar matattakala da botai.

40/
Ta ɗaya gefen kuma rushewa ta fara. A 2000 kamfanin Norwegian ya fito da tsarin Freestyle Cruising: ci lokacin da ka so, da wanda ka so, ba dole sai da kwat ba. Sauran suka bi a hankali ta hanyar canza suna. Celebrity ya mayar da nasa daren Evening Chic a 2015, inda ko jins mai kyau ya shiga. Royal Caribbean ya ce Dress Your Best, wato sa mafi kyawun abin da kake da shi.

41/
Dalilan a fili suke. Yawancin fasinja sai sun hau jirgin sama kafin su kai tashar ruwa, kuma jaka kilo 23 ba adakar Louis Vuitton ba ce. Ofisoshi sun daina tilasta kwat, mutum ba shi da ita ma a gida. Masu kuɗin zamanin nan kuma, na kamfanonin fasaha, da ti-shat suke hawa mumbari.

42/
Ga inda mutane ke kuskure: suna zaton yadda jirgi ya fi tsada haka dokarsa ta fi tsauri. Sau da yawa akasin haka ne. Viking ba shi da daren taksido sam, riga mai kwala da wando na mutunci sun isa. Oceania haka. Regent sai a doguwar tafiya, shi ma ganin dama. Wanda ya biya kuɗin da ya kai na mota a mako biyu ba ya buƙatar botai ya shaida masa. Tikitin ya riga ya tace waɗanda za su zauna kusa da shi.

43/
Cunard ne ya riƙe wuta, don ita ce hajarsa. A tafiyar dare bakwai daga Southampton zuwa New York akwai darare biyu ko uku da suke kira Gala Evening: taksido, ko kwat da wando masu duhu da naktai. Wanda ba ya so ba a kore shi ba, akwai ɗakin ɗebi-da-kanka da wasu 'yan wurare. Amma babban ɗakin abinci da zauren rawa sai masu shiga.

44/
Ajin ma bai mutu duka ba, suna ya canza. Irin ɗakin da ka kama shi ke yanke inda za ka ci: masu ɗaki na gama-gari Britannia, na sama da su Princess Grill, na can ƙoli Queens Grill, da falonsu da ba kowa ke shiga ba. Kowa da baƙin botai iri ɗaya, katin ɗaki ne ke bambantawa.

45/
Wani aiki da ban san da shi ba sai da na shiga karatun nan: akwai maza, yawanci dattawa 'yan fansho, da ake ɗauka a irin waɗannan jiragen don kawai su yi rawa da matan da suka zo su kaɗai. Ana rage musu kuɗin tafiya ko a yafe, sharaɗi su iya rawa, su zo da kayan dina, kuma ban da soyayya. Duniya da faɗi.

46/
Masu tambayar ko babbar riga za ta shiga: P&O ya rubuta a ƙa'idarsa cewa a daren baƙin botai ana karɓar cikakkiyar shigar gargajiya ta ƙasar mutum, kamar yadda 'yan Scotland ke zuwa da siket ɗinsu na maza. Bisa wannan, shadda mai aiki da hula ta cika sharaɗi, kuma na tabbata ta fi rabin kwat ɗin hayar da ke ɗakin tsada. Kowane kamfani dai da nasa rubutun, a duba kafin a ɗaure kaya.

47/
Faɗan da fasinjoji ke yi yanzu kashi biyu ne. Wasu na cewa mun biya ne don yanayin, in mutum ɗaya ya shigo da gajeren wando da hular hana-sallah ya ɓata wa ɗari biyar dare. Wasu na cewa ni ma kuɗina na biya, hutu na zo, ba jana'iza ba. Shi kuma shugaban wetoci yana bakin ƙofa yana lissafin wanda zai ɓata wa rai, alhali da kyautar da fasinja ke bayarwa yaransa ke cika albashi.

48/
Ni dai a nan na fi karkata ga na farko. Duk wanda ya taɓa shiga anko ya san daɗin a ce yau kowa ya yi ƙoƙari, kuma wanda ya zaɓi Cunard ya san abin da ya saya, ga jirage da yawa da ba ruwansu. Inda nake rabuwa da su shi ne in sun fara cewa ana kashe al'adar teku. Al'adar ba ta fi shekara saba'in tana aiki a matsayin abin kullum ba, kuma ko a lokacin, mafi yawan mutanen da ke cikin jirgin ba a gayyace su ba.

49/
Ita kuma kwat mai jela, wadda Emily Post ta kora daga jirgi a 1922, ta dawo ta wata ƙofar. A jiragen Silversea kowane ɗaki yana da hadiminsa na musamman, mai kwance maka jaka, ya goge takalmi, ya kawo shayi. Da yawan masu irin wannan aikin daga Indiya da Filifin suke, suna yin watanni a teku ba su ga gida ba. Shi ne yake ƙwanƙwasa ƙofa cikin jela da farin safar hannu, mai ɗakin ya buɗe masa da gajeren wando da silifas.